Hanji a cikin ƙirji

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauci ranar kasuwa, ko ya riƙe ƙafar rago ranar layya, ya san tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki. Idan aka farke dabba, sai an yanke shi kafin a kai ga huhu da zuciya. A bisansa numfashi yake, a ƙarƙashinsa tumbi da hanji da hanta da saifa. Katanga ce tsakanin gidaje biyu, kuma shi ne zugazugin jiki: in ya sauka iska ta shiga, in ya hau ta fita. Mahauci yakan zare shi ya jefa cikin tarkacen nama, ba wanda ya taɓa yin ciniki a kansa.

Ɗan Adam ma yana da wannan tantani, kuma ana gama gininsa ne tun ciki yana da mako 8 zuwa 10, wato lokacin da mace ba ta ma yarda ta faɗa wa kowa tana da juna biyu ba. To wani lokaci ginin ba ya haɗewa, sai a bar ɓula. Ta wannan ɓula hanji yake hawa ƙirji, wani lokaci har da tumbi da saifa da ɓangaren hanta, su zauna a wurin da ya kamata huhu ya girma, su ture zuciya gefe. Likitocinmu da suka yi karatu da Faransanci suna ce mata hernie diaphragmatique congénitale. Da Hausa ni ƙabar ƙirji nake ce mata, domin ƙaba ce kamar wadda muka sani a mara ko a cibiya, sai dai ita wannan ciki take ɓullowa, inda ido ba ya kaiwa. Ana samun ta a wajen jariri 1 cikin 3000, kuma a kusan kashi 85 cikin 100 ɓular a hagu take.

Jama'a, ban ɗauko wannan magana don ina likita ba. Ɗan jarida ne ni, iyakar ilimina na jikin mutum shi ne wanda aka ba mu a lise. Abin da ya kai ni gare ta a gidanmu ya faru.

Ni ɗan Zabori ne, cikin jihar Doso, wadda a dā take ƙarƙashin gundumar Gaya kafin a ba Junju tata gunduma a 2011. Ƴan kasuwar da ke bin Kamba da Gaya da Malanbil sun san yankin, sun kuma san yadda hanyoyinsa suke in damina ta zauna. Wata damina ƙanwata ta dawo gida goyon ciki, haihuwar fari, ni kuma ina hutu. Ta haihu da asuba a wani ƙaramin gidan likita na yankinmu, namiji, cikakken yaro mai nauyi. Ya yi kuka sau ɗaya, sannan ya shiga neman numfashi kamar wanda ya yi gudu. Leɓɓansa suka yi duhu kamar an shafa musu baba. Tsohuwar da ta raka ta, wadda ta yanke cibiyar rabin unguwarmu, ta dube shi ta ce: "Wannan yaro ai ba shi da ciki." Gaskiyarta kuwa. Cikin jariri yakan fito a cike kamar ƴar ƙwarya, nasa ya lotsa kamar akushi, ƙirjin kuma ya kumbura. Tsohuwa ta ga cutar da idonta, sunanta ne kawai ba ta da shi.

Ungozomar likita ta yi abin da aka koya mata a kan duk jaririn da ya kasa numfashi: ta ɗora masa robar hura iska a baki da hanci tana matsawa. Majo ya rubuta mana takarda zuwa gaba. Sai bayan la'asar muka isa asibitin da ke da na'urar hoton ƙirji. Likitan ya ɗaga hoton ga hasken taga ya ce mini: "Malam, dubi nan. Ka ga waɗannan ramuka kamar saƙar zuma? Hanji ne. Zuciyar kuma ga ta can dama." Suka sa masa iskar oksijen, suka zura masa siririn tiyo ta hanci zuwa tumbi, suka rubuta takardar Yamai. Muna cikin neman man motar da za ta kai shi Allah ya karɓi abinsa, kafin magariba. Ubansa ya riga ya yi masa huɗuba, amma ba a yanka rago ba, ba a kuma je ma'aikatar magajin gari ba. A takardun gwamnati ba a haife shi ba, balle ya mutu.

Bayan kwana uku ƙanwata ta same ni a zaure. Ta ce: "Yaya, kai da ka yi lakwal, faɗa mini gaskiya. Wani abu na ci? Ko tulun da na ɗauka ne?" Domin a gidan mijinta an fara magana: wata ta ce faɗuwar da ta yi a bakin rijiya ce, wata ta ce fitar magariba ce, wata ma ta fara ambaton wabi tun a haihuwar fari. Na ce mata ta ba ni lokaci. Na koma Yamai da hoton a cikin jakata, na shiga karatu, da Faransanci inda aka samu, da guntun Ingilishina inda babu.

Abin da na fara fahimta shi ne tulu da rijiya ba su da laifi, domin ɓular ta rigayi duk wannan da watanni. A mafi yawan jarirai ba a ɗora ta a kan wani abu da uwa ta yi ko ta bari. Wasu tana zo musu tare da wata tawaya, musamman ta zuciya ko ta ƙwayoyin gado. Masu bincike sun daɗe suna haddasa ta ga ɓeraye masu ciki da wani maganin ciyawa mai suna nitrofen, wanda aka hana amfani da shi a Turai da Amurka, kuma ta nan suka gano tana da alaƙa da yadda jikin tayi yake sarrafa bitamin A. Wannan magana ce ta ɓeraye a ɗakin gwaji, kada wani ya ɗauke ta ya ce maganin gona ne ya kashe masa ɗa. Amma masu sayar da maganin feshi a tebur, wanda ba ya da takarda ba ya da suna, ya kamata su ji ta. Abin da ya fi yi wa ƙanwata amfani kuwa lissafi ne guda: in ƙabar ta zo ita kaɗai, yiwuwar ta sake faɗa wa ƙanen yaron bai wuce wajen 2 cikin 100 ba. Da wannan lissafi na je gidan surukanta.

Tarihin cutar kansa abin mamaki ne, domin likitoci sun yi shekaru da yawa suna gudu zuwa inda ba nan matsalar take ba. Wani masanin sassan jiki na birnin Firag, Vincent Bochdalek, ya bayyana wannan ɓula ta bayan tantani a 1848, har yau da sunansa ake kiranta. Aka yi shekaru masu yawa galibi a gawa ake ganin ta. A 1946 Robert Gross na asibitin yara na Boston a Amurka ya ba da labarin jaririn da ya yi wa aiki tun bai cika kwana ɗaya ba, kuma ya rayu. Daga nan hankali ya tafi wuri guda: hanji ya danne huhu, to a yi maza a farke, a jawo hanji ƙasa, a ɗinke ɓula, huhu ya buɗe. Aka riƙa ɗaukar jarirai daga ɗakin haihuwa zuwa ɗakin fiɗa da gudu cikin dare. Ɗinki yana yin kyau, yaro ya yi kwana ɗaya kamar ya warke, sannan ya mutu.

Sai a shekarun 1980 aka yarda cewa ɓular ba ita ce mai kisa ba. Huhun ne. Ɗan kasuwa zai gane wannan da sauri: shagon da maƙwabci ya cika da buhunansa tun ana ginin, ko an kwashe buhunan daga baya ba zai ƙara faɗi ba, domin a matse aka gina shi. Huhun da ya girma a matse ƙarami ne, rassansa kaɗan ne, har ma na ɗaya gefen yakan tauye. Jijiyoyin jininsa kuma masu kauri ne, suna tsukewa da zarar yaro ya wahala, sai jini ya ƙi bi ta huhu ya koma tsohuwar hanyar da yake bi a cikin mahaifa. Wannan hawan jinin huhu shi ne yake ɗauke su. Da aka gane haka sai aka juya tsarin gaba ɗaya. Aka daina gudu. Yanzu jariri yakan yi kwana biyu, uku, ko fiye a kan na'urar numfashi har jininsa ya daidaita, sannan a yi aikin. Aka kuma gano cewa na'urar kanta tana yaga huhun in an matsa mata, sai likitocin jami'ar Kolombiya a birnin Niyok suka koyar da hura iska a hankali, ko da awon jinin bai yi kyau sosai ba. Wannan sassauci ya ceci yara fiye da wata sabuwar wuƙa. Ga waɗanda huhunsu ya gaza ƙwarai akwai injin da ke fitar da jini waje, ya sa masa oksijen ya mayar, wanda Robert Bartlett ya fara ceton jaririya da shi a 1975. Da waɗannan duka, a manyan asibitocin ƙasashe masu arziki wajen 7 cikin 10 suna rayuwa.

A nan ne na fahimci abin da ya faru da robar hura iska. Ga kusan kowane jariri da ya kasa numfashi, robar nan rahama ce, ta ceci dubbai a ƙasar nan. Ga mai ƙabar ƙirji kuwa, rabin iskar tumbi da hanji take shiga, su kuma suna cikin ƙirji, sai su kumbura su ƙara danne ɗan huhun da ya rage. Abin da littattafai suka ce a yi shi ne a zura tiyo cikin maƙogwaro kai tsaye, a kuma zura wani zuwa tumbi a riƙa zuƙe iska. Na farkon yana son gwani. Na biyun kuwa siririn tiyo ne da sirinji, kuɗinsu bai kai na katin waya ba. Ban ga laifin matar nan ba ko kaɗan. Aikinta ta yi da hannu biyu, tana kuka.

Bincike bai tsaya a nan ba, ya shiga har cikin mahaifa. Michael Harrison na San Faransisko ya buɗe cikin uwa ya ɗinke tantanin tayi, a 1990 aka buga labarin wanda ya rayu, amma aikin ya yi nauyi ga uwa da ɗa, aka bar shi. Sai aka bi wata dabara da ta fito daga lura: huhun tayi ruwa yake yi, ruwan yana fita ta maƙogwaro, in aka toshe maƙogwaron sai ruwan ya taru ya buɗa huhu ya sa shi girma. Likitocin Luban a Beljiyam, ƙarƙashin Jan Deprest, da abokan aikinsu suka riƙa zura siririn madubi ta cikin uwa, su sa ƴar balan-balan a maƙogwaron tayi yana da mako 27 zuwa 29, su cire ta wajen mako 34. A 2021 suka buga sakamakon gwajin: cikin masu ƙaba mai tsanani ta hagu, kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka sa wa balan-balan sun rayu, waɗanda ba a sa wa ba kashi 15. Kuɗin da aka biya shi ne fashewar faya da wuri da haihuwar bakwaini. Na karanta wannan da dare a Yamai, an ɗauke wuta, ina haska takarda da waya. Mutum yana sa wa ɗan tayi balan-balan a wuya, ni kuma man mota ya gagare ni!

A shekarar nan ta 2021 wani binciken ya fito a mujallar Lancet, shi ne ya fi shafarmu. Likitocin fiɗar yara na asibitoci 264 a ƙasashe 74 suka haɗa kai, daga Oktoba 2018 zuwa Afrilu 2019, suka bi jarirai 3849 da aka haifa da tawaya iri 7 ta hanji da ciki, 448 daga cikinsu masu ƙabar ƙirji. A ƙasashe masu arziki kashi 5,6 cikin 100 suka mutu. A masu matsakaicin hali kashi 20,4. A matalauta irin tamu kashi 39,8. Jaridu wannan lamba ta ƙarshe suka ɗauka. Ni wata ce ta tsaya mini a rai: daga cikin yara 3849, guda 93 kacal suka fito daga ƙasashe matalauta, alhali a nan ne aka fi haihuwa. Gaskiya asibitocinmu da suka shiga binciken kaɗan ne, amma ba wannan kaɗai ba ne. Sauran yaran ba su iso ƙofa ba. Shi Harrison ɗin tun 1978, da ya bi takardun ƙasar Norwe, ya raɗa wa abin suna ɓoyayyiyar mutuwa: asibiti yana lissafin wanda ya iso da rai ne kawai, sai ya ga kamar yana cin nasara.

Ma'aikatan gwamnati masu son alƙalami, ga lissafi. Nijar tana haihuwar yara fiye da miliyan 1 a shekara. A raba da 3000, za a samu jarirai fiye da 300 kowace shekara masu hanji a ƙirji, kusan ɗaya kowace rana. Lissafin kaina ne, ba na wani ofishi ba. Wanda ya mutu a gida, ko a kan amalanke, ko a bayan babur, in ma an rubuta shi, wahalar haihuwa za a rubuta. Abin da ba ya cikin rajista kuwa ba ya shiga kasafi, wannan kun fi ni sani.

Ba wai ba mu da masu aikin ba ne. A asibitin Lamorde da ke Yamai, wanda yanzu ake kira da sunan Amiru Bubakar Jallo, akwai sashen fiɗar yara, inda Farfesa Habibu Abarshi, wanda ya shugabanci jami'ar Abdu Mumuni, ya horar da likitoci. A Sakkwato asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da nasa. A Zariya Farfesa Emmanuel Ameh ya yi shekaru yana rubutu a kan fiɗar jarirai, yana kuma cikin waɗanda suka tsara babban littafin fiɗar yara na Afirka da ya fito a 2011. Abin da irin waɗannan likitoci suka fi gani shi ne yaran da ɓularsu ƙarama ce, waɗanda suka tsallake kwanakin farko suka zo da wata biyu ko shekara guda, da tari da haki da amai da rashin girma, an yi ta ba su maganin sanyin ƙirji ba sauƙi. Waɗannan huhunsu ya ginu, in an ɗinke yawanci sai su tashi sumul. Hatsarinsu ɗaya: a ga tumbi cike da iska a hoto a ɗauka huhu ne ya fashe, a soka tiyo a huda shi. Uban da ɗansa ya sha maganin sanyin ƙirji sau uku ba canji, ya nemi a yi hoton ƙirji, ya kuma nemi wanda ya iya karanta shi.

Ni a ganina, wanda ya ce a sayo mana injin fitar da jini ko balan-balan yanzu, ko bai san ƙasar ba ko kwangila yake nema. Gyaranmu daga ƙasa zai fara. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce kowace mai ciki a yi mata hoton eko sau ɗaya kafin mako 24. A eko ana iya ganin tumbi kusa da zuciya, ana iya ganin zuciya ta kauce, kuma ruwan ciki da ya yi yawa alama ce da ke sa a ƙara dubawa. Ko a Turai ba duka ake ganowa ba, amma wadda aka gano tata, sai ta tafi Yamai da ƙafarta tun da sauran wata guda, ta haihu kusa da likitan fiɗa. Babu motar ɗaukar jariri da ta kai cikin uwarsa: akwai ɗumi, akwai abinci, akwai oksijen, kuma ba ta shan mai. Matanmu da yawa sukan je eko ne don a faɗa musu mace ce ko namiji, masu na'urar na kuɗi kuma sukan ba su abin da suka zo nema cikin minti biyu. Maigida, in ka biya kuɗin eko, ka tambaya an duba ƙirjin yaron.

Sai kuma maganar kyauta. Tun 2006 dokar ƙasar nan ta ce kula da yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, kuma doka ce mai kyau. Amma man mota ba ya cikin aljihun doka, haka ma abincin mai jinya a Yamai da kwanan da za ta yi a tsakar asibiti. Daga Gaya zuwa Doso wajen kilomita 150 ne, daga Doso zuwa Yamai wajen 140, ban da hanyar jar ƙasa da ɗan Zabori zai bi kafin ya taka kwalta. Ƴan kasuwarmu suna da asusu na kamasho, na gobara, na belin mota a duwan. Asusun da zai tsaya wa motar likita da mai, dare da rana, bai fi ƙarfin ƙungiyar ƴan kasuwa guda ta Gaya ba.

Iyaka ma ta shiga cikin maganar. Mutanen yankinmu sun saba duba gabas in ciwo ya yi tsanani, domin Kabi a bayan gida take. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, sai a Maris 2024 aka buɗe tsakaninmu da ita. A waɗannan watanni an yi ta lissafin albasa da siminti da kwantenonin da suka maƙale a Malanbil. Na'urar da ke tace oksijen daga iska kuwa da wuta take aiki, jariri mai ƙaramin huhu ba ya jiran a tada janareto. Farantan hasken rana da batir a kan rufin ɗakin haihuwa suna iya riƙe ta.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko dala. A kowane ɗakin haihuwa na gundumomin Gaya da Junju a liƙa takarda guda a bango, da Faransanci da Hausa da Zabarmanci: jaririn da ya kasa numfashi, cikinsa ya lotsa, bugun zuciyarsa yana dama, a ajiye roba, a zura tiyo zuwa tumbi, a ba shi oksijen, a lulluɓe shi, kada a ba shi nono ko ruwan rubutu ta baki, a buga waya gaba kafin mota ta tashi. A rajistar ɗakin kuma a ƙara layi ɗaya inda ungozoma za ta rubuta abin da ta gani a jikin yaron, ko da bai kai azahar ba. In aka tara waɗannan layuka na shekara biyu daga Zabori da Karakara da Junju da Gaya, ɗalibin likita na jami'ar Yamai ya samu abin rubuta kundinsa, daraktan lafiya na jiha kuma ya samu lambar da zai shiga da ita taron kasafi.